Tambaya da Amsa: Ruwan Farko Ya Yaudare Ni, Shin Masu Hasashe Gaskiya Suke Faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bara an yi mana ruwa a tsakiyar Mayu har kududdufai suka kawo. Na ji a rediyo an ce damina za ta yi kyau, sai na zuba gero tiya 6. Daga nan sama ta yi shiru kwana 18, shukar ta ƙone ƙurmus. Anya masu hasashen nan ba shaci-faɗi suke yi ba? Wani ma ya ce mini sauraronsu tamkar zuwa wurin ɗan duba ne. Daga wani manomi a Gumel, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alheri. Na san zafin abin, don ina yaro a 1984 na ga mahaifina ya yi shuka har sau uku, a na ukun da irin aro.

Mu fara sallamar zancen duba. Ɗan duba cewa yake ya san gaibu. Mai hasashen yanayi kuwa awo yake yi: zafin teku, laimar iska, inda iskar ta dosa, da hotunan tauraron ɗan'adam. Idan kakanka ya ga hadarin gabas ya haɗo, ya ce a kwashe shanya, ai ba wanda zai kira shi boka. Aikin ɗaya ne, na'ura ce kawai ta ƙara wa ido nisa. Saukar da ruwa kuma na Allah ne.

Inda aka samu tangarɗa shi ne, ruwan farko daban, zaman damina daban. Ruwanmu yana zuwa ne idan iska mai laima daga Tekun Atlantika ta turo busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. Iyakar da ke tsakaninsu ba ta tafiya kai tsaye. A watan Mayu takan leƙo Gumel, ta zubar da ruwa guda, ta koma kudu ta yi zamanta. A yankinku, mafi yawan shekaru sai cikin Yuni take kafa ƙafa. Shi ya sa wani masani mai suna Sivakumar, da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT kusa da Yamai, ya fitar da ma'auni a 1988: sai an samu ruwa milimita 20 cikin kwana 3, kuma ba a yi ɗaukewar da ta wuce kwana 7 ba a cikin kwana 30 masu biyowa, sannan a ce damina ta zauna. Naka ruwan ya cika sharaɗin farko, ya faɗi a na biyu.

Kalmar “damina za ta yi kyau” ita ma tana ba ni haushi idan na ji ta tsirara a rediyo. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma a ciki akwai lokacin faɗuwar ruwa, lokacin ɗaukewarsa, tsawon daminar, da wuraren da ake tsoron fari a tsakiya. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai ma tana yin irin wannan ga ƙasashen Sahel. Amma kafin bayanin ya iso kunnen manomi an tsame kitsen, an bar masa jimla guda. Jimillar ruwan shekara za ta iya yin yawa alhali ya zuba ne a ’yan kwanaki, gero kuwa ba jimilla yake sha ba.

Wannan shi ne salon da sauyin yanayi ya ɗauka a wajenmu. Duk ƙarin zafi na digiri 1, iska kan iya riƙe ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100, sai ta juye ta lokaci guda. Wani bincike da aka buga a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mutanen Maiduguri sun ga irin wannan a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, haka mutanen Mokwa a Mayun 2025. Ga fari a goshin damina, ga ambaliya a marka, duk a shekara ɗaya.

To bana me za ka yi? Kada ka zuba irinka duka a ruwan Mayu. Idan zuciya ta ƙi haƙura, shuka kashi ɗaya cikin uku a jigawa, ka ɓoye sauran. Bayan ruwa ka tona ƙasa da hannu. Idan laimar ba ta kai tsawon tafin hannunka ba, mayar da sungumi ɗaka. Ka nemi malamin gona na ƙaramar hukumarku ya duba maka ranar da NiMet ta sa wa Gumel, sannan ka riƙa bin hasashen kwana 3, don shi ya fi na wata shida kusa da daidai. Idan kuma damina ta makara har ƙarshen Yuni, nemi gero mai saurin nuna irin SOSAT, ka bar maiwa sai wata shekarar.