Ga ɗan da ya yi tambaya kan kawunsa da ya rasu bai bar baya ba

Assalamu alaikum. Ɗana, Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta, ya ba kakarka haƙurin wannan rashi. Ka ce ya rasu a Wad Madani ta ƙasar Sudan 'yan watanni bayan kun koma gida daga gudun yaƙi, bai bar ɗa ba, kakarka kuma tana raye. Ka ce tun da aka naɗe tabarmin makoki gidan ya yi tsit, ba mai ambaton sunansa don gudun kada tsohuwa ta yi kuka, kai kuma kana tsoron ƙannenka su tashi ba su san ko wane ne shi ba. Waɗanda suka riga ni amsawa sun ce a yawaita addu'a da sadaka, kuma gaskiya suka faɗa. Ni zan ƙara da abin da muka gani a gidanmu a Maiwurno, don irin wannan rashin muka yi a 2019.

Ƙanena ne, shi ke bi mini. Direban babbar mota ne, ya yi lodin riɗi a Gadarif, ya bi ta Kasala da Haiya ya sauke a Bur Sudan, ya juyo da sukari ko fulawa. Ya yi aure, Allah bai ba su haihuwa ba, auren ma bai daɗe ba. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi yana ɗan shekara 40 da ɗoriya, mahaifiyarmu tana zaune da ranta.

Wannan shirun da kuke yi, ku daina shi. Ku a ganinku tausayinta kuke ji, ita kuwa gani take kun manta da shi tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Uwa ba ta buƙatar a tuna mata ɗanta kafin ta yi kuka, tana yin abinta da dare kuna barci. Abin da ta rasa shi ne wanda za ta yi hirarsa da shi. Hawaye kuma ba laifi ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi.

Amma kada ka je mata da takarda da biro kamar ɗan jarida, ka ce ta ba ka tarihin marigayi. Za ta ce maka mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, magana ta ƙare. Ka bari sai ta ɗora jabana, wato butar kofi, a kan gawayi, ko lokacin shayin magariba, ka nemi izininta ka ajiye waya tana naɗar murya, sannan ka yi ƙananan tambayoyi. Wane abinci yake ƙi yana yaro? Wa ya fara rubuta masa allo? Ranar da ya fara samun kuɗin guminsa me ya kawo mata? Sunan wa ya ci? Wannan ta ƙarshen ita ta buɗe bakin mahaifiyarmu. Daga sunan ta gangara kan kakanta da aka yi wa takwara, wanda ya taso yana yaro cikin mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno gabas bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ta faɗi yadda iyayenta suke tafiya tsintar auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe da ruwan madatsar Sinnar tun 1925, da yadda shi ƙanen nawa ya bi ta tsintar yana ɗan shekara 10, ya tara ladarsa ya sayo mata butar shayi. Na rayu da matar nan shekara da shekaru ban taɓa jin labarin butar ba, alhali kullum a cikinta muke shan shayi.

A nan ne za ka gane cewa ba mutum ɗaya kuka rasa ba. Wanda mahaifiyarmu ta sani yaro ne mai tsoron ruwa, an haife shi a bakin kogin Nilu amma har ya girma ba ya shiga kwalekwale sai dole. Wanda mu 'yan uwansa muka sani mai saurin fushi ne, ya yi maka faɗa da safe, da yamma ya turo yaro da agashe, wato tsire, a takarda, bakinsa dai ba zai iya cewa yi haƙuri ba. 'Ya'yanmu kuwa ba su san mai faɗa ba sam. Su kawunsu shi ne wanda ke auna ƙafafunsu da zare kafin ya yi tafiya, ya dawo ana gobe Salla da takalma, ko ɗaya bai taɓa yin kaɗan ba. Sai kuma direbobi da yaran mota, su ma da nasu mutumin daban. Don haka kowa ka same shi shi kaɗai. In ka tara su wuri ɗaya, babba zai yi magana, sauran su ce haka ne.

Kuma don Allah kada ku mai da shi waliyyi. Na sha ganin rubutun ta'aziyya da in ka cire sunan ka sa na wani, ba abin da zai canza: mai haƙuri, mai zumunci, mai son jama'a. Yaro ba ya riƙe irin wannan. Abin da yake riƙewa shi ne kawu ba ya cin miyar kuɓewa, kawu yana rantsuwa ba zai ƙara ba kowa bashi ba, washegari ya bayar. Asirinsa dai a rufe masa, an hana mu zagin matattu da tona aibinsu. Amma hali ba asiri ba ne. Su direbobin nan sun gaya mini abubuwan da na bar su a cikina, sun kuma gaya mini waɗanda har yau muke dariyarsu a gida.

Zuwa wurin abokan aikinsa yana da wani dalili da ya fi labari nauyi, wato bashi. Na san an yi sanarwa a maƙabarta cewa mai bin sa ya zo, amma mutanenmu kunya ke hana su, balle talaka da yake bin 'yan kuɗi kaɗan. Mu sai da yayanmu ya bi hanyar da kansa, ya sami mai gyaran taya da mai sayar da shayi a wani zango da suke bin sa, ba kuma wanda ya yi niyyar zuwa ya faɗa. Hadisi ya zo a Tirmizi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. A hanzarta, don kowa ya ga yadda darajar fam ɗin Sudan ke zubewa, kuɗin da za ka mayar wa mutum bayan shekara ba su ne ya ba da ba. Bashi kuma shi ake fara fitarwa kafin gado. Rabon ku kai wa malamin da ya san fara'id. Kai ɗan 'yar uwa ba ka da kaso, amma ka roƙi magada su bar maka wani abu da hannunsa ya saba da shi, ko dardumarsa ko carbinsa.

Abin da ka naɗa kada ka bar shi a waya ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya koya mana wannan. Ku kun gudu daga Madani a Disamban shekarar, mu kuma da yaƙin ya iso garin Sinja a tsakiyar 2024 muka fito zuwa Gadarif da kayan jikinmu. Hotunansa da takardunsa da butar nan duk can muka bar su. Abin da ya tsira shi ne muryoyin da muka tura wa 'yan uwa a Jidda da Kano ta WhatsApp. Mahaifiyarmu ta rasu a nan Gadarif, yanzu muryar da muka naɗa don tunawa da shi ita muke saurare don mu ji ta. Shi ya sa nake cewa da kakarka za ka fara. Ka kuma tambayi duk wanda yake da saƙon murya daga kawun naka ya tura maka tun wayoyi ba su lalace ba. Ka bar tsohuwa ta yi maganarta da Hausarta, ko da ƙannenka sun fi sakewa da Larabci. Daga baya ka rubuta a littafi da rubutun da suka iya karantawa.

Maganar sadaka, ni a ganina a yi wadda ta yi kama da shi. Mu randunan ruwa muka kafa a bakin titi inda manyan motoci ke tsayawa, irin sabil ɗin da ake gani ko'ina a ƙasar nan. Sayen randa ba wuya, cika ta kullum ne aiki, sai muka ɗora wa yaran da ya saya wa takalma, kowa da ranarsa. Ku ma ku duba, ko buhun dawa ga makarantar allon da ya yi karatu, ko taimako ga tukunyar unguwa da ake dafa wa mabuƙata. In akwai ɗan uwa a Saudiyya da ya riga ya yi tasa Umrar, zai iya yi masa. Sadakar bakwai da ta arba'in kuwa malamai sun saɓa, na san gidaje da suka ɓata a kanta. In tsohuwa tana so, kada a yi musun a gabanta. Ni dai da za a tambaye ni, da kuɗin babban taro gara a zauna a lissafa nauyin da yake ɗauke da shi ba wanda ya sani. Sai bayan rasuwar ƙanena muka gano shi ke sayen maganin hawan jinin mahaifiyarmu duk wata, shi ke biyan kuɗin makarantar marayun wata gwaggonmu. Muka raba a tsakaninmu, kowa ya ɗauki abin da zai iya.

Kada kuma ka manta da mahaifiyarka. A zaman makoki kowa wurin uwa yake zuwa ya ɗaga hannu ya yi fatiha, 'yar uwa kuwa tana madafa tana tuƙa asida tana lissafin farantan da za a fitar wa maza. Ni sai da baƙi suka watse na sami inda zan zauna in san na yi rashi. Ita ta goya shi ko shi ya goya ta, tare suka sha dukan malam, kuma wataƙila har yau ba wanda ya tambaye ta yaya take ji. Ka same ta ita kaɗai, ranar da ba aiki a gabanta.

Ka gaishe mini da su duka biyun, ka ce wata 'yar Maiwurno da ke Gadarif tana yi musu gaisuwa. Allah ya kai haske kabarinsa.