Wace wayar intanet ta dace da sabon gini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina makaranta mai hawa biyu, an kusa fara filasta. Ina son a ja wayar intanet zuwa ofisoshi da ɗakin kwamfuta, a kuma maƙala kyamarori. Akwai wani sashe can ƙarshen fili, nisansa zai kai mita 130. Wani ya ce in sayi Cat5e, wani ya ce Cat6. Wacce zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama lafiya. Tambayarka ta zo a kan gaɓa, domin kafin filasta ake binne bututun waya.

Sayi Cat6. Cat5e tana ɗaukar gigabit 1 a sakan (ma'aunin saurin tafiyar bayanai ke nan) har mita 100, kuma za ta ishe ka a yau. Amma Cat6 tana kai gigabit 10 idan tsawon bai wuce mita 55 ba, kuma ƙarin kuɗinta bai kai na sake jan waya nan gaba ba. Cat6A kuwa, wato ta gaba da Cat6, ta fi kauri da tsada, makaranta ba ta buƙatarta.

Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ƙarfen da ke ciki. Kasuwa cike take da wayar da ake kira CCA, wato alminiyom da aka yi wa rufin tagulla, ga kuma "Cat6" ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Saurin karyewa gare ta, kuma tana ɗaukar zafi idan kyamara na shan wuta ta cikinta. Kafin ka biya, fere sili ɗaya ka kankare shi da wuƙa. Idan fari ya bayyana, mayar wa mai shago kayansa, komai arharsa. Kwalin mita 305 na tagulla zalla ma daga nauyinsa za ka gane.

Sashen nan na ƙarshen fili kuwa, kada a kai masa tagulla. Ya wuce iyakar mita 100, sannan wayar tagulla tsakanin gini da gini tana iya jawo tsawa da damina ta ƙona na'urori a ɓangarorin biyu. A binne faiba, wato wayar da ke kai bayanai da haske, cikin bututu, tunda gilashi ne, wuta ba ta bin sa.

Ka gaya wa mai wayarin kada ya haɗa wayar intanet da ta lantarki a bututu ɗaya, kuma ya gwada kowane layi a gabanka kafin ka cika masa kuɗinsa.