Me ya haɗa hanji da goma sha biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon ciki, har muka kai shi Yamai aka zura masa na'urar leƙa ciki. A takardar da likita ya ba mu an rubuta cewa gyambo ne a "duodénum", kuma wani ɗalibin aikin jinya ya ce mini ma'anar kalmar goma sha biyu ce. Mene ne haɗin hanji da lissafi? Daga wata mai karatu a Tahoua.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗalibin ya faɗi gaskiya. Wannan suna ne na sashen farko na ƙaramin hanji, wato inda abinci ke fara sauka idan ya baro tumbi, kuma tsawonsa wajen santimita 25 ne.

Asalin sunan awo ne da hannu, kamar yadda iyayenmu ke auna zane da kamu ko taƙi. Ki jera yatsunki huɗu a manne da juna, ki aza su a kan tabarma sau uku a jere: faɗin da suka ci, shi ne kusan tsawon wannan hanji. Wanda ake dangantawa da awon shi ne Hirofilus, likitan Girka da ya yi aiki a Iskandariyar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma yana cikin mutanen farko da suka buɗe gawar ɗan Adam domin nazari. Shi ya kira wurin "mai yatsu goma sha biyu" da Girkanci.

Daga nan likitocin Musulmi suka ɗauki ma'anar suka ce "al-isna ashar", kuma haka yake a littafin Al-Ƙanun na Ibn Sina, wanda ya kammala a 1025. A ƙarni na 12, a birnin Toledo na ƙasar Spain, Jirar na Kiremona, wanda ya rasu a 1187, ya mayar da littafin zuwa Latin, inda "duodeni" ke nufin goma sha biyu-goma sha biyu. Ta wannan hanya kalmar ta shiga Faransancin da ke takardarku. Abin yana burge ni ƙwarai, domin sashen da ke biye da shi ma Larabawa sun kira shi "as-sa'im", mai azumi, saboda akan same shi babu komai a ciki bayan mutuwa.

Gajere ne, amma aikinsa babba ne. A nan ruwan maɗaciya daga hanta da ruwan narkar da abinci ke haɗuwa da abin da aka ci, kuma shi ke fara karɓar tsamin da ke fitowa daga tumbi, shi ya sa gyambo ke yawan kama shi. Masu irin wannan ciwo sukan ji zafi idan yunwa ta kama su ko cikin dare, ya lafa idan sun ci abinci. Galibi wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke jawo shi, ko kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ake saye a bakin hanya. Ku tambayi likita ko an yi wa Baba gwajin wannan ƙwayar cuta, kuma idan kun ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin ko ya yi aman jini, ku garzaya da shi asibiti nan take.