Me Za a Saya wa Yaron da Bakinsa Ke Buɗewa?

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: yaro ya fara gwaranci, iyaye sun ƙagu su ji magana, kasuwa kuma ta cika da masu cewa suna da abin da zai buɗe masa baki. Na zaɓi biyar, na sakaya sunayen masu su.

Daga wani magidanci a Sabon Gari, nan Damagaram: "Salamu alaikum, Malama. Ɗiyata tana da wata 20. Na ga wani allon wasa a Kasuwar Dole, in an latsa sai ya faɗi haruffa da sunayen dabbobi da Faransanci, an yi mini kuɗi jika 12. Abokina ya ce gara in ƙara kuɗi in sayi tabulet in zuba mata bidiyo. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya ta. Da za ka ji tawa, da ka bar su duka biyun a kasuwa.

Yaro ba ya ɗaukar magana daga sautin da ke ratsa kunnensa kawai. Daga mutum yake ɗauka, mutumin da ya dube shi, ya ji abin da ya furta, ya mayar masa. Ta miƙa hannu ta ce "wa", uwarta ta ce "Ruwa kike so? Ga ruwa, sha." A wannan kai-kawon ake gina harshe, allon batir kuwa bai san ta miƙa hannu ba. A 2003, Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun gwada wannan a kan jarirai masu wata 9, ƴaƴan masu jin Turanci. Wasu an zaunar da su da mutum yana wasa da su yana yi musu Sinanci har zama 12, wasu an nuna musu mutanen nan dai a talabijin, wasu an kunna musu murya kaɗai. Waɗanda suka zauna da mutum sun iya bambance sautukan Sinanci. Sauran sun tashi kamar ba su taɓa jin harshen ba.

Abin da ya fi damuna game da kayan wasa masu surutu shi ne suna rufe bakin manya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a ƙarshen 2015 ya bi iyaye 26 da ƴaƴansu: in aka ba su abin wasa mai batir sai maganar iyayen ta ragu, in aka ba su littafi mai hotuna sai ta ƙaru. Tabulet kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Wanda ba na hanawa shi ne kiran bidiyo. In tana da kawu a Agadas ko kaka a Kano, a kira su ta WhatsApp su yi hira da ita, don su in ta yi motsi za su amsa.

Da kaɗan daga kuɗin nan za ka sami ƙwallo, ƴar tsana, ƴan kwanonin wasa, da littafi mai kaurin takarda mai hoton akuya, kaza, mota da buta. Ko da rubutun Faransanci ne ba komai, hoton za ku nuna ku faɗa da Hausa. In kuma an riga an kawo mata tsaraba mai batir, ka duba marfin: ƙaramin batir ɗin nan mai faɗi irin na agogo, in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awa 2, don haka sai wanda aka ɗaure marfinsa da ƙusa. Sannan ga naka aikin, Malam, don kada a bar wa uwarta ita kaɗai. Bayan la'asar ka ɗauke ta ku zauna ƙofar gida, duk abin da ta kalla ka faɗa mata sunansa, ka ɗan yi shiru ka ba ta dama ta gwada.

Daga wata uwa a Birni: "Malama, ɗana yana da shekara 2 da wata 4, amma ban da 'mama' da 'a'a' ba ya faɗin komai, sai nuni da hannu. Uwar mijina ta ce linzami gare shi, a kira wanzami. Wani mai magani kuma ya nuna mini siro, ya ce yana buɗe baki. Kunnensa na dama yakan yi ruwa lokaci-lokaci. Me zan fara yi?"

Ƴar'uwa, amsarki tana cikin jimlarki ta kusa da ƙarshe. Kunnen nan za ki fara da shi, kuma cikin makon nan.

Yawancin yara kan furta kalmar farko wajen shekara 1, in sun kai shekara 2 kuma suna da kalmomi wajen 50 suna haɗa biyu, irin su "ba ni", "Baba tafi". Akwai masu jinkiri da kan cim ma tsaransu daga baya, gaskiya ne, shi ya sa ake yawan cewa "bar shi, ubansa ma haka ya yi". Amma daga zaune babu mai iya rarrabe wanda zai cim ma da wanda ba ya ji sosai, kuma watannin da ake zaman jira su ne waɗanda harshe ya fi saurin kamuwa a cikinsu. Kunnen da ke ruwa yana dawowa, sau da yawa fatar dodon kunne ce ta huje. Yaron yana jin ƙarar babur da bugun ƙofa, sai a ce ai yana ji, alhali ƙananan sautukan da ke raba wata kalma da wata ba sa isa gare shi. Ki kuma tuna ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko zazzaɓi mai suma, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya. Muna cikin yankin sanƙarau, jihar Damagaram ta yi fama da shi a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, kuma cikin mutum 5 da suka tashi daga mai tsananinsa, wajen 1 yakan rage da wata illa, kurumta tana cikin na gaba-gaba.

Ki ɗauki karnensa, wato katin awonsa, ki je likitar unguwarku, ki ce a duba kunne, ki kuma faɗi maganar jinkirin baki da bakinki, kada ki jira a tambaye ki. In sun ga da buƙata za su tura ku babban asibitin ƙasa na Damagaram, inda akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Tun 2006 doka ta sa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati, amma ki riƙe ɗan kuɗi a hannu ko za a rubuta maganin da sai an saya a farmasi. Kafin nan, kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye, kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza. Ki naɗe tsumma mai tsabta ki tsane ruwan da ya fito, ki kiyaye kada ruwan wanka ya shiga.

Siro kuwa, ki mayar da kuɗinki jaka. Babu maganin sha da ke sa yaro magana. Da yawa daga waɗanda ake tallatawa na buɗe ciki ne, kuma barci suke sawa.

Maganar linzami tana son lallami, don uwar mijinki son jikanta ne ya sa ta faɗa. Linzami na gaske akwai shi, amma abin da yake kawowa wahalar kama nono ne, wani lokaci da tsamin baki a wasu haruffa. Ba ya hana yaro sanin kalmomi ko haɗa su. Yaron da ya sha nono lafiya, yake iya zaro harshe ya wuce leɓe, da wuya a ce linzami ne matsalarsa. Aska a ƙarƙashin harshe kuma tana iya jawo zubar jini mai wuyar tsayawa, ko tetanos, ko ciwon hanta in ƙarfen ya taɓa wani. Ki sa mijinki ya yi mata magana, ku roƙe ta ta raka ku likita, a duba harshen a gabanta. Nunin da yake yi da hannu alama ce mai daɗi, yana son a fahimce shi. In ya nuna, ki durƙusa ya ga bakinki, ki faɗi sunan abin, sannan ki ba shi. Kada ki riƙe abin ki ce sai ya faɗa.

Daga wata ma'aikaciya a Tudun Jamus: "Ni Bahaushiya ce, mijina Babarbare, danginsa na Gure da Barbarci suke wa ɗiyarmu magana. Tana da shekara 2 da rabi, tana cakuɗa harsunan. An ce mu tsaya kan ɗaya. Ina kuma tunanin sa ta jardan (makarantar ƙananan yara) mai tsada don ta sami Faransanci da wuri."

Kada ku tsaya kan ɗaya. Harshe biyu ba ya jinkirta magana, cakuɗawar kuma tana warwarewa da kanta. In kina son sanin inda ta kai, ki ƙirga kalmominta na Hausa da na Barbarci a haɗe. Yarinyar da za ta iya gaida kakarta ta Gure da harshen kakar ta sami abin da ba a sayarwa a lakwal.

Jardan an tsara shi ne don masu shekara 3 zuwa sama, don haka kina da sauran lokaci. In aiki ya tilasta ki nemi inda za ki bar ta, kada fenti da lilo su ja ki. Ki je da hantsi ba tare da sanarwa ba, ki tsaya ki ga yara nawa ke hannun malama ɗaya, ko ana amsa wa yaro in ya yi magana, ko kuwa maimaitawa kawai ake sa su yi a tare, ko an kunna musu talabijin. Faransanci zai zo, kuma ya fi zama daram a kan harshen gida mai ƙarfi. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci, a 1973, bisa wannan tunanin.

Daga wata matashiyar uwa a Garin Malam: "Ɗana na fari ne, wata 22. Gidan yawa muke, ina jin nauyin yi masa wasa ko magana a gaban surukai. Yanzu ana shirin kai shi yaye wurin mahaifiyata a Mirya. In yarda?"

Ƙanwata, na ji daɗi da kika kawo wannan, don mata da yawa suna cikinsa ba sa faɗa. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ba zan ce ki yar da ita ba. A tsakar gida take, ba ta bin ki ɗaki. Lokacin wanka, lokacin shafa mai, lokacin da kike ba shi tuwo, da dare kafin barci, duk naku ne ku biyu. Ki kira shi da laƙabin da kika sa masa, ki faɗa masa abin da kike yi: "Kawo ƙafa. Ɗaya ƙafar. Ruwan da sanyi ko?" A gidan yawa kuma akwai riba, don kakanni da gwaggwanni da yaran gida duk bakuna ne. Ki dai lura kada ya yini a goye a bayan ƴar raino babu mai ce masa uffan.

Yayen kuma, in da hali a bari ya cika shekara 2, yadda ya zo a Alƙur'ani cikin Suratul Baƙara, kuma haka ma'aikatan lafiya suke cewa. Ki fara rage nonon a hankali tun yanzu, na rana tukuna. Zuwa wurin kaka ba zai cutar da bakinsa ba, wataƙila ma ya dawo da Gizo da Ƙoƙi. Abin da ke girgiza yaro shi ne a raba shi da nono da uwa da gida a rana ɗaya. Mirya ba nisa, ki raka shi ki kwana biyu, ki riƙa leƙawa. In ya dawo ya ɗan yi shiru ko ya maƙale miki, ki yi haƙuri da shi, yana wucewa.

Daga wata kaka a Zango: "Mun taso ana cewa ƙwai yana ɗaure harshen yaro. Jikana yana so, uwarsa tana saya masa. In hana?"

Kada ki hana, Inna. Ƙwai ba ya ɗaure harshe, yana ma cikin abin da ya fi gina jiki da ƙwaƙwalwar yaro a ɗan kuɗi kaɗan. A dafa shi ya nuna sosai. Kuɗin da ke tafiya a biskit da alewa da lemon leda, in aka mayar da shi kan ƙwai, wake, ɗan hanta, garin ƙuli a kunu da zogale a miya, ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin yaron da jininsa ya yi ƙasa yakan yi sanyi, wasa ya ragu, magana ma ta ragu. In za a sayi gishiri a nemi mai sinadarin ayodin. Gyaɗa kuma a daka ta tukuna, kada a ba shi ƙwaya-ƙwaya, tana iya sarƙe shi.