Fatawa: Shin Kafafen Sada Zumunta Haramun Ne Saboda Yawan Ɓarnarsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Mun yi gardama da wani abokina. Ya ce tunda ɓarnar Facebook da TikTok ta rinjayi amfaninsu, hukuncinsu ɗaya da giya da caca. Ni kuwa a nan nake tallata hajata, a nan nake sauraron karatu. In rufe shafukana ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abokinka yana nufin aya ta 219 a Suratul Baƙara, inda Allah Ya ce zunubin giya da caca ya fi amfaninsu girma. Kishinsa abin yabo ne, amma ƙiyasin bai zauna ba. Giya an haramta ta ne ita kanta, da nassi ƙarara a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, babu wata niyya da za ta halatta kurɓa ɗaya. Waɗannan kafafe kuwa hanya ce, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce hanya tana ɗaukar hukuncin inda ta nufa.

Abin da ya fi kama da mas'alarka shi ne hadisin Abu Sa'id Al-Khudri a Bukhari da Muslim. Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya. Suka ce ba su da makawa, nan ne majalisarsu. Bai kore su ba, sai ya ce su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cutarwa, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Facebook, tun da aka buɗe shi a 2004, bakin hanya ne, sai dai masu wucewa ba su ƙirguwa.

Amma ba na tare da masu cewa ai kamar wuƙa ce, ko ka yanka albasa ko ka yanka mutum. Wuƙa ba ta kiranka da tsakar dare. Waɗannan manhajoji da kuɗin talla suke rayuwa, don haka an gina su ne su riƙe idonka, kuma sun gano abin da ke tada hankali ya fi riƙe mutum. Ka ɗauki waya don duba saƙo ɗaya bayan Isha'i, babban yatsa na ta shafa gilashi, ka ɗago kai sha biyu ta gota, Asuba kuma ta tafi. Shi ya sa taka-tsantsan a nan ya fi na bakin hanya nauyi.

Inda na fi jin tsoro shi ne maɓallin turawa. Allah Ya umarce mu a aya ta 6 ta Suratul Hujurat da mu bincika labari kafin mu cutar da wasu cikin jahilci. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. A hadisin Samura bn Jundub a Bukhari kuma, an nuna wa Annabi (SAW) a mafarki wani mutum ana tsaga masa baki har ƙeya da ƙugiyar ƙarfe, aka ce shi ne mai fita da safe ya yi ƙarya ta karaɗe duniya. A da sai ka yi mamakin yadda ƙaryar mutum ɗaya za ta yi wannan tafiya. Yau ɗan yatsa ya isa. A 2018 an kashe mutane a Indiya kan jita-jitar satar yara da ta bazu ta WhatsApp, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare 5 a lokaci guda. A shekarar kuma Facebook ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da dandalinsa a tunzura rikici a Myanmar. Rubuta "haka na gani na turo" a ƙasan saƙo ba ya wanke kowa, kamar yadda giba ba ta zama halal don an buga ta da yatsa.

Saboda haka hukunci yana bin mai amfani. Kai da kake kasuwanci da neman ilimi, halal ne gare ka, har da lada idan niyya ta gyaru, muddin ba ka ɓoye aibin haja ko ka yi talla da hoton da shari'a ta hana. Wanda yake ɓata sa'o'i a banza ya shiga makaruhi. Wanda kuma ya san kansa, duk shigarsa sai ta kai shi ga kallon haram, cin mutunci ko tozarta sallah, kuma ya gwada gyarawa ya kasa, to barin wannan manhajar wajibi ne a kansa.

Kada ka rufe shafukanka. Ka daina bin duk shafin da ke jan ka ga saɓo, ka yanka wa kanka lokaci, kuma labarin da ba ka tabbatar ba ya tsaya a wayarka. Wallahu A'alam.