Amsar tambayar Alhaji kan masu jifa a bezbol

Salamu alaikum 'yan gida. Alhaji, ranka ya daɗe, na saurari saƙonka. Kana tambaya me ya sa a bezbol ɗin Amurka yanzu mai jifan da ya buɗe wasa ba ya kai ƙarshe, ko yaran zamani ne ragwaye. A'a wallahi, ba ragwanci ba ne.

Ka san wasan zagaye 9 ne. Da can wanda ya fara shi ke rufewa. Cy Young, wani shahararren mai jifa na zamanin da, sau 749 ya yi haka. Ko a 1991, wasa na bakwai na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, Jack Morris na Minnesota shi kaɗai ya jefa zagaye 10, don kunnen doki ya sa an ƙara ɗaya, suka ci Atlanta 1-0. Yau kuwa in mutum ya kai zagaye 6 tafi ake masa. Jifa na kusantar 100, sai ka ga koci ya taso ya karɓe ƙwallo.

To, abin da ya canza shi ne ƙarfin jifan. Mutanen da can suna tattalin hannu, sai wuri ya yi wuri suke sakin ƙarfi. Yanzu tun jifan farko ana so ka ba da mil 95 zuwa 100 a awa, ga murɗa ƙwallo, kuma jijiyar gwiwar hannu ce ke ɗaukar wahalar. In ta tsinke sai tiyatar nan da ake kira Tommy John, wadda Dakta Frank Jobe ya fara a 1974, mutum ya yi shekara ko fiye yana jinya. Sandy Alcantara na Miami, a 2022 ya jefa zagaye sama da 228, ya kammala wasa 6 da kansa, 2023 sai ga shi a ɗakin tiyata.

Sai kuma masu lissafi, su ne ni nake da ja da su. Sun duba sun ga in mai bugu ya zo gaban mai jifa karo na uku, ya riga ya karance shi. Wannan gaskiya ne, ba musu. Amma duba 2020, wasa na shida na World Series, Tampa Bay da Dodgers. Blake Snell na Tampa Bay jifa 73 kacal ya yi, ya fitar da masu bugu 9 da jifansa, suna gaba 1-0. An samu bugu ɗaya ya wuce, sai kocinsu Kevin Cash ya cire shi a zagaye na 6, don Mookie Betts, mai bugu na Dodgers, zai zo karo na uku. Betts ɗin da Snell ya kora har sau biyu a daren fa, Alhaji! Sabon hannu na shigowa Betts ya maka ta, kafin zagayen ya ƙare Dodgers sun wuce gaba, suka ci 3-1 suka ɗauki kofi.

Ni dai da ni ne koci a daren nan, ko takardar lissafin ta ce me, Snell ba ya sauka. Yauwa, sai na ji naka.