Amsa: Daga ina zan fara sauraron kiɗan Barok?

Ɗan'uwa, ka tambaya daga ina za ka fara, kuma me ya sa sautin Barok, wato kiɗan Turai na wajen 1600 zuwa 1750, ya bambanta da na manyan ƙungiyoyin kiɗa na yau. Sannu da shigowa wannan fage, wallahi ba za ka yi nadama ba.

Ni dai shawarata ka fara da Vivaldi, mutumin birnin Benis na Italiya. Shekara da shekaru yana koya wa 'yan mata goge a wani gidan marayu na birnin. Nemi kiɗansa na yanayoyin shekara huɗu da aka wallafa a 1725. A ɓangaren lokacin zafi za ka ji hadari ya haɗo, tsawa na tashi, alhali tsirkiya ce kawai.

Bambancin sautin kuwa, masu bin salon asali suna ɗaura tsirkiyar hanjin tumaki, su saukar da sautin tsirkiyar ƙasa kaɗan, kuma makaɗan ba su da yawa.

Amma daɗin gaske sai ka zauna a cikin makaɗan. Ina kaɗa babban goge a ƙaramar ƙungiyarmu, ba mu da mai ba da umarni da sanda. Kafaɗar jagoran masu goge muke kallo, ya ja numfashi, mu shiga tare. Mai hafsikod kuwa, wato wani abin kiɗa mai kama da piyano, layin sautin ƙasa da lambobi kawai aka rubuta masa, sauran shi zai cike da basirarsa.

Bayan Vivaldi ka wuce wajen Bach, mutumin Jamus, kiɗan Barandinbag na uku, na 1721. Goge tara ne, uku-uku, suna miƙa wa juna zance. Sa abin sauraro a kunne, ka bi murya ɗaya tak har ƙarshe.